Suna na Bakwai

Malam Nu'uman malamin firamare ne a Birnin Gwari, kuma a unguwarmu an san shi da karatu. Da can ba ka ganinsa sai da littafi a aljihun kaftani. Amma tun da ya sayi babbar waya, karatunsa ya tsaya a layin farko. Saƙo na shigowa zai leƙa kansa, ya tura gaba. Burinsa kawai a ce daga wajensa aka fara ji.

Saƙonnin shekarar kuwa kusan duk iri ɗaya ne: an tare hanya, an shiga ƙauye, ga sunaye. Tun abin yana tayar masa da hankali har ya daina. Matarsa Bushira ta taɓa tambayarsa, "Malam, kana karanta abin nan kuwa kafin ka tura?"

Ya ce, "Me zan karanta? Na jiya ne aka canza wa rana."

Wata Talata da hantsi saƙo ya shigo cewa an tare motar 'yan kasuwa a hanyar daji, ga sunayen mutum tara da aka rasa. Ya rubuta "Allah ya jiƙansu", ya tura zauren danginsu na waya, ya koma aji.

Suna na bakwai ƙanensa ne, Salmanu, wanda ke noma a Damari.

A lokacin baffanninsu biyu sun riga sun ji, suna kan babur zuwa gidan Salmanu. A wajenmu ba a gaya wa mace rasuwar miji ta waya. Manya ke zuwa su zauna, su fara da addu'a. Azumi matar Salmanu tana da tsohon ciki, ita kaɗai ce a gida, tana cikin zauren dangin, kuma ita ta karanta saƙon har ƙarshe. Da baffannin suka isa, suka tarar da ita zaune a ƙasa gefen turmi, wayar na hannunta.

Da aka ba da hutun ƙarshen shekara, Malam Nu'uman ya zauna a zaure yana bin saƙonnin da ya tura tun daga Janairu. Ya yi ta ja, ba su ƙare ba. Bai ga ko ɗaya da ya karanta duka ba, kuma duk shekarar bai buɗe littafi ko ɗaya ba. Kukan ma ya ƙi zuwa.

Ranar da ya je duba jaririn da Azumi ta haifa, ta gaishe shi, ta ce, "Yaya, ni ban riƙe ka ba. Abu ɗaya nake son sani. Da ka zo kan sunansa, me ka ji?"

Ya ce, "Ban kai wurin ba."

Darasin nan namu ne duka. Leƙa kan saƙo ba karatu ba ne, kuma riga kowa ba da labari ba abin alfahari ba ne. Kafin ka tura, karanta har ƙarshe, domin kowane suna a jerin nan yana da wadda ke jiransa a gida.