Sau Ɗaya Inna Ta Kira Sunansa

Akwai wani mai ɗaukar bidiyon biki a Birnin Kudu, ana ce masa Ƙasimu. Shi ne ɗan fari a wurin Inna Kulu ta Zandam, don haka kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, har ya fara furfura.

Damina uku yana zuwa Zandam yana naɗar muryarta a waya: waƙoƙin niƙa, da jerin kakanninsu, wa ya haifi wa. A naɗin ƙarshe, da ta iso kan 'ya'yan cikinta, sai ta rufe baki da mayafi, ta ce, "Sai Ƙasimu."

Sau ɗaya ke nan a duniya.

Ya juye komai a kwamfutar shagonsa, ya goge na waya. Shi ma ya kasa rubuta sunanta a kan fayil ɗin. Kwanan wata kawai ya sa, kamar yadda yake yi wa bidiyon biki.

Ƙanwarsa Na'ima ta zo daga Gwaram da filashi, ɗan abin ajiye fayil, ƙulle a bakin zani.

"Yaya, zuba min nawa kwafin muryar Inna in ajiye a gida."

"Ke da ko tashar rediyo ba ki iya kamowa? Faifai biyu ne a injin nan. Abin da aka rubuta a ɗaya, nan take ɗayan ya kwafa. In ɗaya ya mutu, ɗaya na nan."

"To, Allah ya tsare," in ji ta. Ta mayar da ƙullinta.

Bayan kaka bukukuwa suka yi yawa, injin ya cika. Ƙasimu ya bi tsofaffin fayiloli masu kwanan wata yana gogewa, don masu su sun daɗe da karɓa.

Kafin ruwan farko Inna ta rasu.

Da aka share makoki ya buɗe shago, ya nemi muryarta. Babu. Ya ɗauki injin ya kai wa Hadi mai gyara.

"Malam Ƙasimu, faifan nan biyu lafiyarsu ƙalau," in ji Hadi. "Na biyun maganin lalacewa ne, ba maganin kuskure ba. Da ka ce a goge, tare suka goge. Kuma wata biyar kana zuba bukukuwa a gurbin. Ba ka da wani kwafi a waje?"

Ƙasimu ya tuna bakin zanin Na'ima.

Ya je Gwaram ya faɗa wa Na'ima cewa komai ya goge, har da naɗin da Inna ta kira sunansa. Ba ta yi masa gori ba. Ta rera rabin waƙar niƙa, sauran ya ɓace mata. Can ta ce, "Yaya, da wace irin murya ta faɗi sunan naka?"

Ya buɗe baki ya gwada. Muryarsa kawai ya ji.

Darasi: Faifai biyu a inji ɗaya umarni ɗaya suke bi, har da na kuskure. Abin da ba za ka iya sake samu ba, ka riƙa kwafarsa a kai a kai kana ajiyewa a wani gida dabam, kuma kada ka raina mai ba ka shawara. Ku tura wa 'yan'uwa, tun tsofaffinmu suna raye.