Dokin da Ya Ƙi Hagu

Akwai wani kofur mai suna Tulloch cikin 'yan sandan doki masu jar riga, a zamanin da Turawa ke mamaye filayen mutanen Cree, 'yan asalin ƙasar, a bakin kogin Saskatchewan. Mutum ne mai zargi. Ko gaishe shi Ba-Cree ya yi, sai ya shafa aljihunsa.

Wata safiya wani Bature makiyayi, Pruett, ya faɗo bariki yana huci.

"Kofur, an sace min jan dokina kwana huɗu da suka wuce. Yana wurin tsoho Maskwa, Ba-Cree ɗin nan."

"Da tambarinka a jikinsa?"

"Ban kai ga buga masa ba."

Maganar ta ɗan tsaya wa Tulloch a rai, amma ya share. Ya je ya sa wa Maskwa ankwa, ya koro shi har da dokin. Satar doki kuwa shekara biyar ce a kurkuku, da wuya tsohon ya fito da rai.

Maskwa ya ce, "Yallaɓai, tun yana shan nono nake kiwonsa. In na Baturen nan ne, ya hau mu gani."

Tulloch ya harare shi, yana neman inda makircin yake. Bai gano ba, sai ya ɗaga wa Pruett kai.

Pruett ya nufi dokin ta hagu, yadda kowane Bature ke hawa. Ƙafarsa na taɓa likkafa, doki ya zabura ya watsar da shi. Ya sake, ya sake shan ƙasa.

"Tsohon banzan nan ya lalata min shi!"

Maskwa ya zagaya ta dama, da ankwarsa da komai, ya haye. Doki ko kunne bai kaɗa ba.

Nan Tulloch ya gane gaskiya. Ya sani sarai mutanen Cree ta dama suke hawa, kuma ba a sauya wa doki tarbiyya cikin kwana huɗu. Ya waiwaya, Pruett har ya fara sulalewa.

"Kai, dawo nan!"

Tulloch ya kwance wa Maskwa ankwar, kunya ta hana shi ɗaga ido.

Maskwa ya murza wuyan hannunsa ya ce, "Ni ma abin da na faɗa maka ke nan, Yallaɓai. Sai da dabba ta faɗa ka yarda."

Darasi: Idan zarginka ɓangare ɗaya kawai yake kallo, maƙaryaci zai hau ka ya zalunci mai gaskiya. Ka saurari mutum kafin ka ɗaure shi. Ku tura wa wani, wataƙila akwai wanda yake zargi a banza.