Gara da Labarin da Aka Gyara Sau Tara

A wani gari an yi wata budurwa mai suna Kuluwa. Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma duk takardar da ta faɗo hannunta sai ta karance ta, ko da ta ƙunshin ƙosai ce. Daga karatu ta faɗa rubutu. Wata shekara ƙungiyar marubutan garin ta ce za ta tara gajerun labarai a littafi ɗaya, aka sa la'asar ɗin wata Laraba ta zama ƙarshen karɓa. Wanda ya makara sai baɗi.

Ran Larabar da hantsi Kuluwa na zaune a ɗaki ta rasa abin da ke mata daɗi. Labarin soyayya ne ta rubuta, ta gyara shi har sau tara. Kowane gyara ya fi na baya santsi, amma in ta karanta sai ta ji kamar auduga take taunawa. Ta buɗe akwatin tsofaffin takardunta don ta ga inda ta saki hanya, sai ta tarar gara ta yi gini a ciki.

Ta ɗaga takalmi ke nan, sai wata tsohuwar Gara ta leƙo ta ce, "A'a, jikanya, haka ake karɓar mai karatu? Duk garin nan ni kaɗai na bi rubutunki shafi shafi."

Kuluwa ta ce, "Kin bi ko kin cinye?"

"Rubutun farko na ci rabinsa, akwai tsakuwa amma akwai gishiri. Daga na huɗu zuwa na takwas ko ɗanɗanawa na yi na tofar. Kin tuna mini da Tabawa mai akuya."

Kuluwa ta sauke takalmin ta ce, "Yaya labarinta yake, Iya?"

Gara ta ce:

An yi wata mata, Tabawa, akuyarta ta ɓace ran kasuwa. Akuyar nan ƙahonta ɗaya a karye, kunnenta a tsage, ga ta ramammiya, amma Tabawa ba ta haɗa ta da komai. Ta je wurin sankira, mai yin shela a gari. Da ya ce ta faɗi kamanninta, sai kunya ta kama ta don mutane na ji. Ta ce, "Fara ce sol, ƙosasshiya." Ya yi shela. Aka kawo fararen awaki uku, babu tata. Ta koma ta ce, "Ƙara cewa gashinta na sheƙi." Aka kawo wasu biyar. Ita ko akuyar tana can ɗaure a gindin tsamiya, wanda ya tsince ta yana jin shelar yana cewa, "Wannan kam ba ita ake nema ba."

Da maƙogwaron sankira ya bushe sai ya zauna ya ce, "Inna, ko dai ke 'yar'uwar Nomau ce, mai aiken gaisuwa?"

Tabawa ta ce, "Wane ne kuma Nomau?"

Sankira ya ce:

Nomau wani saurayi ne da ya ga Lantana a bakin rijiya, hankalinsa ya tashi. Ya sami wata tsohuwa ya ce, "Je ki ce mata Nomau yana sonta." Ta kai bakin ƙofa, ya kira ta. "A'a, ya yi nauyi. Ce mata Nomau yana gaishe ta." Ta kai tsakar gida, ya sake kira. "Cire sunan. Ce wani yana gaishe ta." Ta kai zaure, ya biyo ta a guje. "In kin ce wani za ta yi ta tambaya. Ce dai an gaishe ta." Tsohuwa ta je ta ce, "Lantana, an gaishe ki." Lantana ta yi murmushi, don dama akwai wani mahauci da ke yawan kallonta. Ta ce, "Ki ce ina amsawa," ta aika wa mahaucin da fura. Da kaka aka ɗaura musu aure, Nomau ne ma ya raba goro.

Sankira ya ce, "To kin ji, Inna. Saƙon ya isa lafiya, mai saƙon ne bai je ba. Faɗa mini akuyarki yadda Allah ya yi ta."

Tabawa ta sunkuyar da kai ta faɗi karyayyen ƙaho da tsagaggen kunne. Kafin azahar akuya na gida.

Gara ta ce, "Kin ji abin da ya tuna mini da ita."

Kuluwa ta dafe kai. "Iya, kin ƙara rikita ni. Ni ce Tabawa ko Nomau? Ko ni ce akuyar? In gyara laifi ne, sai in kai na farkon kawai."

"Wane na farko? Rabinsa na cikina. Kuma ko yana nan ba zan bari ki kai ba. Shafi uku kina kwatanta hadari kafin mutum ɗaya ya buɗe baki."

"To in gyara ke nan?"

"Sau tara ba ki gyara ba?"

"To kar in gyara?"

"Ni na ce haka?"

Kuluwa ta kusa kuka. "Rana tana tafiya, Iya, ke kina wasa da ni."

Gara ta matso bakin akwatin ta rage murya. "Cire hadarin nan gyara ne, na yaba miki. Amma gaya mini, saurayin labarin, a rubutun farko me yake yi?"

Kuluwa ta ce, "Gyaran keken ɗinki."

"A na tara fa?"

"Likita."

"A na farko yana i'ina, sai ya yi 'ba-ba' sau biyu kafin barka ta fito, yarinyar kuma ta tsaya tana jiransa ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba. Wurin nan na fi jin daɗi. Ina ya tafi?"

"Na cire."

"Don ya ɓata labarin?"

Kuluwa ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. Can ta ce, "Don mutumin gaske ne, shagonsa na bayan gidanmu. Kuma yana karatu, Iya. In littafin ya fito zai gane kansa."

"To ashe sau ɗaya kika yi gyara, sau takwas kika yi ɓoyo. Sunansa kam ki sake shi, wannan mutunci ne. Amma in kika raba shi da harshensa da man keke a yatsunsa, wa yarinyar za ta so? Ke kanki ba kya son likitan nan."

"In ya gane fa?"

Gara ta ce, "Wannan ba a takarda yake ba, ban san ɗanɗanonsa ba."

Kuluwa ta daɗe tana kallon inuwar katanga tana gajarcewa. Sannan ta ce, "Na ji, Iya. Gaskiyarki ce." Ta jawo sabuwar takarda ta rubuta, "Ya ɗago daga kan keken ya ce, 'Ba-ba-barka da rana.'" Ta karanta, kunya ta rufe ta, alƙalamin ya koma kan layin kamar zai soke. Ta riƙe hannun da ɗaya hannun, ta wuce layi na biyu.