Munyal Ba Sunan Mutum Ba Ne

Akwai wani babban ma'aikaci a Jalingo mai suna Abdulmumin, kuma tun yanzu nake gaya muku, duk ranar da na tuna labarinsa sai raina ya ɓaci.

Asalinsu mutanen Zariya ne. Yana ƙarami aiki ya kawo mahaifinsa Jalingo, lokacin jihar tana sabuwa fil, suka zauna a unguwar Sintali. A zamanin nan direbobi da makanikan gari sukan haɗa tseren motoci a tsakaninsu bayan Sallah, su miƙa hanyar Lau su juyo. Yara kan ɗare bishiyoyin bakin hanya su yi ta ihu har muryarsu ta dishe.

Cikin motocin akwai wata farar Fijo. Direbanta kullum da hular kwano, ba a ganin fuskarsa sosai. A jikin ƙofarta an rubuta kalma ɗaya da jan fenti: MUNYAL.

Idan an tashi, Fijon nan a baya take. Idan aka juyo, ita ce a gaba. Sai ka ji yara sun ɗauka gaba ɗaya: "Munyal! Munyal!"

Abdulmumin ba ya jin Fulatanci ko kaɗan, sai ya ɗauka sunan direban ke nan. Ga wanda bai sani ba, munyal a Fulatanci haƙuri ake nufi. Ba sunan kowa ba ne, kuma ko mai tallan gyaɗa a Jalingo ta san haka.

Wata rana da aka gama tsere ya kutsa cikin taro don ya gaisa da gwaninsa. Yana gab da kama hannun direban aka ture shi ya faɗi. Kafin wata Sallar an yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki, suka bar garin. Ya girma da buri ɗaya a ransa: wata rana sai ya kama hannun da ke juya sitiyarin nan.

Shekaru suka wuce, ya zama mataimakin darakta, aiki ya sake dawo da shi Jalingo. Ya zo da baƙar mota mai numfashi, ya sa aka manna masa MUNYAL da manyan haruffa a gilashin baya.

To, ku zo ku ga tuƙi. Mutumin nan bai san birki ba, hon kawai ya sani. Ya zagi mai keke, ya watsa wa mata ruwan kwata, ya bi hannun da ba nasa ba, kuma idan ka yi magana ya tambaye ka ko ka san da wa kake yi. 'Yan kasuwa suka sa masa ido. Da sun hango motar sai wani ya ce, "Ku kauce, ga Haƙuri nan tafe, kada ya take ku!" A kwashe da dariya.

Ba wai ba a yi ƙoƙarin gaya masa ba. Sakatariyarsa Rose ta taɓa gwadawa.

"Oga, wannan rubutu na bayan motarka, ka san ma'anan shi kuwa?"

"Ke za ki gaya mini Munyal?" Ya ɗaga mata hannu. "Kina ina lokacin da nake kallonsa da idona? Je ki kawo mini fayil."

Ta juya ta tafi ɗauko fayil. Halinsa ke nan, ba ya bari mutum ya kai ƙarshen magana.

Ya shiga neman gwanin nasa, amma da wace irin tambaya? Ya tsaya wurin mai shayi, ko gilashi bai sauke sosai ba, balle sallama.

"Kai, ina Munyal yake yanzu?"

Mai shayi ya dube shi ya ce, "Munyal? Ai ya yi wuya a zamanin nan, Oga. Kowa neman shi yake yi."

Wani dattijo da ke zaune a benci ya ƙara da cewa, "Yana nan, sai dai ba kowa ke samun shi ba."

Abdulmumin ya ja tsaki ya fizgi mota. Ya isa ofis yana faɗa, wai mutanen garin nan 'yan baƙin ciki ne, sun san inda mutum yake suna ɓoyewa.

Ana cikin haka, wata ranar aiki da hantsi, ya taho ta wajen gadar Mayo Gwoi a guje. Sai ya tarar da wata tsohuwar akori-kura ta tsaya a gabansa, ɗauke da doya. Direbanta ya fito da hannu ta taga yana nuna a dakata, domin wata tsohuwa ce ke tsallaka titi da dammin itace a ka, tana jan ƙafa.

Abdulmumin ya danna hon, ya ƙara dannawa, akori-kura ba ta motsa ba. Ya fito a fusace.

"Kai tsoho! Titin na gidanku ne? Idan ba ka iya tuƙi ba ka koma gona mana!"

Direban dattijo ne siriri mai farin gemu, wata matashiya na zaune a gefensa. Ya buɗe ƙofa, ya dafa jikin motar da hannun dama zai sauko, ya ce cikin sanyin murya, "Munyal, yarona. Munyal."

Nan fa idon Abdulmumin ya rufe. A tunaninsa tsohon ya karanta rubutun gilashinsa ne yana yi masa ba'a. Ku duba rashin tunani: mutumin da ke gabanka, ta ina zai ga gilashinka na baya?

"Kai har ka isa ka kama wannan suna a bakinka? Da wannan gwangwanin naka? Ka san wane ne Munyal?"

Ya ɗaga ƙafa ya tokare ƙofar da dukkan ƙarfinsa, ta rufe gam. Matashiyar ta ƙwalla ƙara. Bai tsaya ya ga abin da ya sa ta ihu ba, ya ɗauka zagi ne. Ya shiga mota, ya bi ta gefe, saura ƙiris ya kwashe tsohuwar mai itace, ya wuce abinsa. Kafin azahar ya manta da maganar.

Bayan kwanaki ya kai motarsa juyen mai a garejin wani makanike mai suna Goni. Yana zaune yana jira, sai ya fara ba da labarin farar Fijo da hular kwano, kamar yadda ya saba ba duk wanda ya samu.

Goni ya fito daga ƙarƙashin mota. "Farin Fijo na tseren hanyar Lau? Ai Bappa Jibrilla ne! A hannun shi maigidana ya koyi aiki. Yana nan da ran shi, gidan shi na bayan gari."

Abdulmumin ya miƙe tsaye zumbur. "Yana raye? Ashe Jibrilla Munyal ne cikakken sunansa!"

"A'a Oga, wannan munyal ɗin ba..."

"Ban tambaye ka ba. Wanke hannu ka kai ni yanzu."

Ya tsaya a kanti ya sayi shadda da turare da kwalin lemo. A hanya bakinsa bai rufu ba, yana ta faɗin yadda zai kama hannun nan da hannu biyu, a ɗauke su hoto, ya buga babba ya rataye a falo.

Goni ya ce, "Sai dai ka yi a hankali, na ji ba shi da lafiya. Wai wani mai mota ne ya ji mishi ciwo a..."

"Wane ɗan iska ne?" Abdulmumin ya daki sitiyari. "Munyal guda? Wallahi ko ɗan wane ne sai na sa an kulle shi! Mutanen yanzu ba su da tarbiyya, ba su san darajar manya ba!"

Haka ya yi ta tsine wa mutumin da bai sani ba har suka iso.

Suna shan kwana ya hango akori-kurar a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ganye ya zuba a kanta. Ƙafarsa ta sauka daga kan totur da kanta. Ya tsayar da motar a ƙofar gidan.

Matashiyar nan ce ta fito daga gidan da buta a hannu. Sunanta Asta, 'yar Bappa Jibrilla ce. Ta dubi motar, ta dubi fuskarsa, ta dire butar.

"Kai ne! Wallahi kai ne! Me ka zo yi? Ka zo ka ƙarasa ɗayan hannun?"

Goni ya ce, "Asta, lafiya? Baƙo ne, ya zo gaida Bappa."

"Baƙo? Shi ne ya rufe ƙofa a kan hannun Baaba! Ina ihu ina cewa hannu, hannu, ko waiwaye bai yi ba!" Ta matso tana nuna shi da yatsa, hawaye na zuba. "Ka san da hannun nan muke ci? Da shi yake ɗauko doya daga ƙauye. Likita ya ce yatsun sun farfashe, ba za su sake kama sitiyari ba. Mutumin da ya yi tsere shekara da shekaru ko ƙwarzane bai samu ba, sai kai da takalminka mai ƙyalli!"

Maƙwabta suka fara fitowa. Goni ya ja da baya, ya dubi Abdulmumin kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, "Oga, dama kai ne za ka sa a kulle?"

Sai murya ta fito daga zaure. "Asta, bar shi ya shigo. Ba a koran mutum a ƙofa."

Bappa Jibrilla na zaune a kan tabarma ya jingina da bango. Hannun damansa na naɗe da bandeji har gwiwar hannu, an rataye shi a wuya. Abdulmumin ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa. Goni ne ya yi bayani, murya a daƙile: yadda mutumin ya riƙa kallon tsere yana yaro, da yadda yake ta neman Munyal a gari.

Tsohon ya ɗan murmusa.

"Wa ya ce maka sunana Munyal? Sunana Jibrilla. Innata ne ta hana ni tsere. Na yi ta roƙo, ta ce to, sai in na rubuta wannan kalma a ƙofan da nake shiga, in gan shi kafin in zauna. Da Hausa haƙuri ke nan." Ya gyara zama yana cije leɓe saboda zafi. "Kuma da shi nake cin su. Su suna fizga tun farko, rami ya karya musu mota. Ni ina bi a hankali, in wuce su suna gyara."

Abdulmumin ya ɗago kai. "Haƙuri?"

"Haƙuri. Abin da na ce maka a gada ke nan. Ban zage ka ba, yarona. Haƙuri na ba ka."

Mutumin da ya addabi gari da hon ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce zai kai shi babban asibiti, zai nemo ƙwararren likita, zai saya masa sabuwar mota.

Asta ta amsa daga bakin ƙofa, "Mota? Da wane hannu zai tuƙa?"

Bappa Jibrilla ya ce, "Ya isa, Asta." Ya juya ga Abdulmumin. "Na yafe maka tun a gada, don Allah na yi, ba don kai ba. To me kake so a wurina da ka sha wannan nema?"

Abdulmumin ya share fuska. Da ƙyar ya ce, "Tun ina yaro... hannunka kawai nake so in kama, Baba."

Ya miƙa hannayensa biyu.

Tsohon ya dubi bandejin da ke ƙirjinsa, ya dubi hannayen da aka miƙo masa.

"Ga shi nan, shi ne ka zo nema. Ko ƙuda ya sauka a kai sai na ji har cikin kaina, ba ya taɓuwa. Hagu kuma ba na ba baƙo, ba a koya mini wulaƙanta mutum ba." Ya mayar da kansa jikin bango ya lumshe ido. "Ka gaida gida."

Hannayen Abdulmumin suka daɗe a miƙe, babu wanda ya karɓa. Asta ta matsa gefe ta ba shi hanyar fita.

Darasi: Kada ka wulaƙanta mutum don ka gan shi a tsohuwar mota ko tsohuwar riga, ba ka san ko wane ne ba, kuma ko da ba kowa ba ne, mutum ne. Ka riƙa barin mutane su kai ƙarshen maganarsu, domin gyaran da kake buƙata yana iya kasancewa a bakin wanda ka katse. Fushin minti ɗaya a kan titi yana ɓata abin da kuka da dukiya ba za su gyara ba. Ku tura wannan labari ga duk wani mai saurin hannu a kan hon da kuka sani, wataƙila ya karanta kafin ya kai gada.