Gaisuwar Mantau Mai Kere

A zamanin da gada ke kiwo har bayan gari, an yi wani mafarauci a yammacin ƙasar Katsina mai suna Mantau. An ce in ya ɗaga kerensa zai yi jifa, zomo tsayawa yake yi, don ya san ko ya gudu wahala ce kawai. Maroƙa na yi masa kirari: Mantau na Hassu, hannu mai ido, dodon fakara!

Da aka kwashe shi zuwa yaƙin Bama, ya ga waɗansu sojoji baƙi suna wani wasa. Ɗaya ya jefa ƙwallo, ɗaya ya make ta da gora, ya ruga ya zagaye sansani huɗu kafin a taɓa shi da ita. Da wannan wasa Mantau ya dawo gida. Ya sare daji, ya share fili, ya tara samari. Shi ne mai jifa, shi ne mai horarwa, ƙungiyar ma tasa ce, tuwon matarsa Hassu ke riƙe da ita.

Ana nan sai ma'aikatan layin dogo, waɗanda su ma sun iya wasan, suka ƙyalla ido a kan filin. Hakimi ya ce a kara, wanda ya ci ya riƙe.

Hankalin Mantau ya tashi, don yaransa 'ya'yan mutunci ne. In yaro ya taho a guje ya hango babba na tsaron sansani, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Kafin a kai ga tambayar iyali an taɓa shi da ƙwallo, ya fita. Mantau ya yi faɗa har muryarsa ta dushe.

Hassu ta yi dariya ta ce, "Haba Maigida, da tarbiyya za ka yi kokawa? Bar su su gaisa tun kafin a fara mana."

Ranar karawa Mantau ya jera yaransa, suka bi sansanonin nan ɗaya bayan ɗaya. Suka gaida dattawan layin dogo, suka tambayi gajiya, da iyali, har da awaki. Sannan ya ce, "To, an gaisa. Wanda ya ƙara durƙusawa, ni da shi ne!"

Ai kuwa samarin nan suka yi ta wuce dattawa fuu, ko waiwaye babu. Kafin la'asar fili ya tabbata na Mantau, Hassu ta rangaɗa guɗa har muryarta ita ma ta tafi.

Mutane suka yi ta kafa gidaje kewaye da filin, har ya zama garin Tungar Mantau. Har gobe ba a jefa ƙwallo a can sai an zagaya an gaisa, kuma sau da yawa gaisuwar kan fi wasan tsawo.