Ranar da Aka Sara wa Mai Aski

An yi wani mai ɗaukar hoto da ake yi wa laƙabi da Ƙyas, domin kafin mutum ya gyara tsayuwa ya riga ya ƙyasta shi. Hannunsa yana da kyau, wannan kowa ya shaida. Aibinsa guda ne: ya fi son a ce hotonsa ya burge a kan a ce gaskiya ne. Mai tumbi kan shiga shagonsa ya fito da hoto ba tumbi. Idan aka yi masa magana sai ya yi dariya ya ce, "Ai ni ba madubi ba ne."

Wata shekara ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ɗauke shi aikin hotunan macin da ake yi don tunawa da waɗanda suka rasu a yaƙi. Aka ce za a zaɓi hoton da ya fi kowanne, a faɗaɗa shi a rataye a zauren ƙungiyar. Ana gobe maci ya je harabarsu don ya ga fuskoki. Ya tarar da tsofaffi a inuwa suna karta suna tsokanar juna. Wani ya rina gashinsa baƙi wuluk, wani yana gyangyaɗi, wani kuwa dariya yake har haƙoran robarsa na neman faɗowa. Ƙyas ya koma gida ransa a ɓace. Shi fuskar da yake nema ita ce mai tamoji da hawaye, wadda duk wanda ya kalla sai zuciyarsa ta karye.

Sai ya tuna da Baba mai aski, dattijon da ke kusa da shagonsa, wanda ya yi masa aski tun yana yaro. Baba dogo ne siriri, ga farin gemu, ga idanu zuru-zuru. Daga nan ya wuce gidan Gwaggonsa, yayar mahaifinsa, wadda mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba, sai hularsa da lambobin yabonsa aka kawo mata.

"Gwaggo, ki ara mini kayan Kawu in ɗauki hotonsu, in yi miki babba ki kafa a ɗaki."

Ta kalle shi. Sannan ta jawo gwangwani daga ƙarƙashin gado, ta warware ƙyallen da ta naɗe su, ta miƙa masa da hannu biyu. "Kada ka bari su taɓa ƙasa," in ji ta.

Da Ƙyas ya roƙi Baba ya saka kayan a ɗauke shi hoto, Baba ya so ya ƙi. "Ɗana, ni da ko bindigar wasa ban taɓa riƙewa ba?"

"Haba Baba, gwajin haske kawai zan yi. Babu wanda zai gani."

Ranar maci titi ya cika maƙil. Tsofaffin sojoji suka wuce a jere, wasu da sanda, wasu ana tura su a keke. Mata na ɗaga hotunan mazajensu, yara na bisa kafaɗun iyayensu. Ƙyas ya ɗauki waɗannan sama-sama. Da aka busa ƙaho aka yi tsit, sai ya ja Baba bayan igiyar da ta raba 'yan kallo da masu maci. Ya ɗora masa hula, ya maƙala masa lambobi, ya lakato man zafi ya shafa masa a ƙasan ido. Hawaye suka zubo, ya ƙyasta. Kafin yamma ya mayar wa Gwaggo kayanta, ya ce aiki ya yi kyau.

Hoton Baba aka zaɓa. Shugaban ƙungiyar, wani tsohon manjo mai hannu ɗaya, ya kira Ƙyas ofishinsa. Hoton na gabansa a kan tebur, idanunsa sun yi ja.

"Malam mai hoto, ka tona mana asiri. Ɗan'uwanmu yana tsaye bayan igiya yana kuka, mu muna wucewa ba mu san da shi ba. Ka nemo mana shi. Ranar da za a buɗe hoton za mu karrama shi."

A nan ne Ƙyas ya kamata ya faɗi gaskiya, daga shi sai mutum ɗaya a ɗaki. Amma Manjo ya riga ya kira shi gwani, kuma kalmar ta yi masa daɗi. Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ya yi ta yi wa Baba magiya. Ya ce idan bai zo ba, sana'arsa ta hoto ta mutu. Ya ce ba sai ya yi magana ba, ya zauna kawai ya gyaɗa kai. Baba ya ajiye almakashi ya ce, "Ka ce babu wanda zai gani." Amma saboda ba ya son yaron da ya taso a gabansa ya tozarta, ya yarda.

Zauren ya cika ranar. Tsofaffin sojoji a gaba, matan marigayan a gefe. Sai Ƙyas ya hango Gwaggo a cikinsu. Bai san an aika mota ta ɗauko su ba. Aka yaye ƙyallen da ya rufe hoton, zaure ya ɗauki tafi. Manjo ya kamo hannun Baba ya tsayar da shi a gaba, ya juya ya ba da umarni.

Tsofaffin nan suka fara miƙewa. Masu sanda suka dogara, masu ciwon gwiwa suka dafa kujeru. Wani da ke kan keken guragu ya ture hannun 'yarsa, ya kama kafaɗar na kusa da shi, ya ɗago jikinsa yana rawa har ya tsaya. Gaba ɗayansu suka sara wa Baba.

Baba ya kalle su. Wannan karon ba a shafa masa komai ba, amma hawaye suka wanke masa gemu.

"Don Allah ku zauna," in ji shi. "Ku zauna, bayin Allah. Ni mai aski ne. Ban taɓa zuwa yaƙi ba. Hular ma ba tawa ba ce."

Hannuwa suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙarar sandar Gwaggo aka ji tana takowa. Ta tsaya gaban hoton, ta ɗora yatsa a kan ƙyallen wata lamba, inda ta taɓa ɗinke yagewa da baƙin zare. Ta juyo ta nemi Ƙyas da ido har ta same shi a jikin bango.

"Ka ce mini hotonsu za ka ɗauka," ta ce a hankali. "To, ka ɗauka."

Manjo bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi, "Malam mai hoto, sauke kayanka." Ƙyas ya hau kujera a gaban kowa ya cire hoton. Girman hoton ya hana shi ɓoye shi, haka ya rungume shi ya ratsa tsakiyar zauren, mutane na matsawa suna ba shi hanya.

Labari ya bazu. Masu biki suka daina kiransa, domin an ce wanda ya yi wa matattu ƙarya ba zai bar rayayyu ba. Gwaggo ta ce ta yafe, amma tun daga ranar idan ya je gaishe ta a tsakar gida take amsawa. Wanda ya fi shan wahala Baba ne. Matasan layi suka sa masa suna Janar, suna ƙamewa idan ya wuce, har ya rufe shago na wani lokaci.

Da ya sake buɗewa, Ƙyas ya je ya durƙusa a bakin ƙofa ya ba shi haƙuri. Baba yana wasa aska, bai ɗago ba.

"Tsokanar yara ba ta dame ni ba, ɗana," in ji shi. "Mutumin nan mai keke ne ba ya fita daga raina. An ce rabonsa da tsayuwa ya daɗe. Saboda ni ya tashi."



Darasin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar nuna wa mutane abin da ya faru, to ya nuna shi yadda yake, ko da bai burge ba. Ƙaryar da aka yi don neman yabo ba ta tsayawa a kan mai ita, sai ta shafi waɗanda suka yarda da shi saboda ƙauna. Kuma idan mutum ya yi kuskure, ya gaggauta faɗin gaskiya tun tana tsakaninsa da mutum ɗaya, kafin ranar da wani zai faɗe ta a madadinsa a gaban jama'a.