Kalmar da Malam Ya Kasa Fassara wa Inna

Akwai wani malamin Turanci a wata makarantar sakandare, mutum mai ji da kansa ƙwarai. Ko gaisawa kuka yi sai ya gyara maka magana. A gida kuwa shi ne auta, haka mahaifiyarsa ke kiransa har ya yi gemu.

Wata rana ya tarar da ita a bakin ƙofa tana fama da zare da allura. 'Yar riga take ɗinka wa jikan da matarsa ke ɗauke da cikinsa.

"Auta, idon nan fa yana ƙara rufewa. Ta gefe ba na ganin komai. Ka kai ni a duba."

"Inna, yanar ido ce kawai. Sai ta nuna ake cirewa. Ki bari a yi hutu."

Bai taɓa leƙa ajin likitanci ba, amma haka ya yanke hukunci. Aka yi hutu, aka koma. Ta sake magana, ya sayo mata maganin ɗigawa a kemis. Daga nan ta daina maganar, don ita ba mai naci ba ce.

Sai ranar da ta yi karo da matarsa a tsakar gida da rana tsaka, sannan hankalinsa ya tashi.

A asibiti likita ya daɗe yana haska idon. Ya ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, kuma ya cinye jijiyar. Sai ya sassauta murya, ya juya harshe zuwa Turanci don kada tsohuwar ta ji, ya faɗi wata doguwar kalma.

Malam ya san ta sarai. Shi ne ke rubuta ta a allo, yana ce wa ɗalibai ma'anarta abin da ba ya komawa yadda yake. Har misali yake ba su da fasasshen ƙwai, ana dariya. Yau dai babu abin dariya.

"Da kun zo tun da ta fara kuka da shi, da mun tsayar da shi," in ji likita.

Inna ta laluba ta kamo hannun ɗanta. "Me ya ce, Auta? Kai ne mai Turanci."

Ya yi gyaran murya. "Ya ce a hankali za ki samu sauƙi."

"Tun kana yaro, in za ka yi ƙarya sai ka yi gyaran murya," ta ce. "Idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Tashi mu je gida."

Wallahi da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya zaga da ita asibitoci, ko'ina kalmar nan ɗaya ake maimaita masa.

Da matarsa ta haihu, ya ɗora wa Inna jaririn a cinya. Ta shafa goshin, ta shafa hancin, ta daɗe tana shafawa. Rigar tana nan a kwando, hannu ɗaya ba a ɗinka ba.

"Auta," ta ce, "faɗa mini gaskiya wannan karon. Da wa ya yi kama?"

Yaron sak ita. Malam ya buɗe baki zai faɗa mata, sai kuka ya ƙwace masa.

Darasi: Idan iyayenka suka ce wani wuri na damunsu, kai su a duba yau, kada ka zama likitan abin da ba ka sani ba. Wata ɓarnar ba ta gyaruwa ko ka yi nadama har ƙarshen ranka. Ku tura wa duk wanda ke ce wa mahaifiyarsa ta bari sai an yi hutu.